Karatun Ma'aikaci: Darasi Daga Masu Jarrabawar Aktuwari

 

An nemi in yi magana a kan yadda ma'aikaci zai ƙaro ilimi ba tare da ya saki aikinsa ko ya tauye haƙƙin iyalinsa ba. Batu ne da ya shafi kusan kowa a ɗakin nan. A cikinmu akwai mai takardar NCE da ke neman digiri, akwai mai shirin jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai, wato TRCN, akwai kuma wanda ya biya kuɗin makaranta shekara biyu da suka wuce, ya karɓo littattafai, har yau suna cikin leda a ƙarƙashin gado. Domin mu fahimci matsalarmu da kyau, na zaɓi in kawo misalin wasu ma'aikata da ke wata sana'a daban, waɗanda karatu a bakin aiki ya zame musu dole na tsawon shekaru, har suka mayar da shi fanni mai ƙa'ida. Su ne masu neman zama aktuwari.

Aktuwari shi ne masanin da ke auna kasada da lissafi, ya kuma faɗi kuɗin da ya kamata a tanada saboda ita. Babu mai iya faɗin ranar da mutum ɗaya zai kwanta ciwo ko zai bar duniya, wannan ilimi ba ya hannun ɗan'adam. Amma idan aka tara bayanan mutum dubu ɗari na shekaru masu yawa, ana iya ƙiyasta adadin waɗanda za su kai shekara 70 da waɗanda za su kai 80, kuma ƙiyasin ba zai yi nisa da gaskiya ba. A kan wannan ne aka gina inshora da fansho. Tun a 1693 masanin taurarin nan na Ingila, Edmond Halley, ya ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan, ya tsara jadawalin tsawon rai da ya zama ɗaya daga cikin tubalan wannan ilimi. A 1762 aka kafa kamfanin Equitable a Landan, wanda ya riƙa yanke kuɗin inshorar rai gwargwadon shekarun mutum. A 1848 masu sana'ar suka kafa cibiyarsu a Landan, takwarorinsu na Sukotlan suka kafa tasu a Edinbara a 1856, sannan cibiyoyin biyu suka haɗe a 2010 suka zama wadda ake kira IFoA a taƙaice. A Amurka kuwa babbar ƙungiyarsu ita ce SOA, wadda aka kafa a 1949.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan labarin Turawa ne da bai shafe mu ba. Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, ko da yake kowace jiha tana da tata dokar a kan ma'aikatanta. Lokacin da aka koma wannan tsari, aktuwari ne suka ƙididdige haƙƙin da ma'aikata suka riga suka tara a tsohon tsari. Idan ɗan fansho ya zaɓi ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora domin a riƙa biyansa wata-wata har ƙarshen rayuwarsa, aktuwari ne ke lissafa abin da zai riƙa karɓa. Haka ma kamfanonin takaful da suka fara aiki a ƙasar nan ba su wadatu da barin irin wannan lissafi ba. Ke nan, duk malamin da ke jiran ranar ritaya, akwai hannun waɗannan mutane a cikin tuwonsa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma waɗanda suka kammala wannan karatu a Najeriya 'yan ƙalilan ne ƙwarai idan aka kwatanta da bukatar ƙasar.

Dalilin ƙarancinsu shi ne tsawon hanyar. Digiri, ko da na wannan fanni ne kamar wanda ake yi a Jami'ar Legas, mafari ne kawai. A tsarin da cibiyar Birtaniya ta fara aiki da shi a 2019, mai son kaiwa matakin ƙoli sai ya haye darussa 13: bakwai na tushe da suka ƙunshi ƙididdiga da lissafin kuɗi da harkar kasuwanci, uku na aikace-aikace, biyu na ƙwarewa, da ɗaya na zurfafa ƙwarewa. Sau biyu ake zama manyan jarrabawar a shekara, a Afrilu da Satumba. Cibiyar ta kuma faɗi kimanin awoyin da kowane darasi ke bukata. Wanda ya shafi lissafin kuɗi da tsawon rai yana cin awa 250, babban darasin aikace-aikace kuwa awa 400. Ɗaliban Amurka suna da wani ma'auni da ya shahara a tsakaninsu, wato kowace awa ɗaya ta zaman jarrabawa tana bukatar awa 100 na shiri, don haka takardar awa uku tana neman awa 300. Ba sabon abu ba ne rabin waɗanda suka zauna wata takarda su faɗi, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya shafe shekara shida zuwa goma kafin ya gama. Duk wannan kuwa yana yinsa ne alhali yana zuwa ofis kullum, domin cibiyar ba ta ba da babban matsayinta sai an nuna shaidar aiki na aƙalla shekara uku.

Abu na farko da ya kamata mu koya daga gare su shi ne ƙidaya kafin farawa. Mu idan za mu shiga karatu, kuɗin fom da na rajista muke tambaya. Da wuya ka ji malami ya tambayi awa nawa karatun zai ci, alhali rashin lokaci ya fi rashin kuɗi korar mutane daga makaranta. Mako guda awa 168 ne, ga hedimasta da leburan makaranta duk ɗaya. A cire awa 49 na barci, wato awa bakwai kowane dare. A cire kimanin awa 40 na aiki, idan aka haɗa zaman aji da tafiya da dawowa da shirin darasi da duba littattafan yara. Saura 79. A cikinsu ne ibada take, da cin abinci, da cefane, da kula da yara, da gona ko ɗan abin sana'ar da ake tallafa wa albashi da shi, da gaisuwar mara lafiya, da suna da biki da ta'aziyya. Idan mutum ya yi wa kansa adalci a lissafin, abin da zai rage a hannunsa da ƙyar ya wuce awa 20. Wannan shi ne jarinsa na gaskiya, kuma a cikinsa ne zai fitar da karatu, ya fitar da hutu.

Yanzu mu ga yadda ɗalibin aktuwari ke sarrafa irin wannan jari. Daga jarrabawar Afrilu zuwa ta Satumba akwai kimanin mako 22. Mai hankali a cikinsu ba ya raba awa 250 gida 22. Yana fara ware mako uku ya ajiye gefe, saboda ya san zazzaɓi zai zo, baƙo zai sauka, aiki zai yi yawa a ofis a wani mako. Sai ya raba awoyin a kan mako 19, ya sami awa 13 da 'yan mintoci a kowane mako. Awa ɗaya da rabi daga Litinin zuwa Juma'a, awa huɗu ranar Asabar, awa biyu ranar Lahadi, lissafi ya cika. Wannan ajiya ta ko-ta-kwana ita ce zuciyar sana'arsu, domin kamfanin inshora da bai yi tanadin mummunar shekara ba, shekara guda ta isa ta durƙusar da shi. Jadawalin karatun da yawancinmu ke rubutawa an gina shi ne a kan zaton cewa babu yaron da zai yi ciwo, babu rasuwa a unguwa, wuta ba za ta ɗauke ba, albashi kuma ba zai makara ba. Irin wannan jadawali mako biyu yake yi ya rushe, mai shi ya yanke ƙauna, ya ce karatu ba nasa ba ne. Laifin kuwa na lissafin ne, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take.

Wannan ƙidaya ita ce kuma ke faɗa wa mutum nauyin da zai iya ɗauka. An san cewa sababbin ɗaliban aktuwari sukan yi zumuɗi su yi rajistar takardu uku a zama ɗaya domin su gama da wuri, su faɗi duka ukun, alhali da ɗaya suka ɗauka da sun ci. Taura biyu ba ta taunuwa a baki guda. Malamin da ke karatu a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, ko a cibiyoyin NTI, ko a shirin dogon hutu na jami'o'i da kwalejojin ilimi, ya duba yawan kwasa-kwasan da zai ɗauka a zango da idon awoyinsa. Inda tsarin makaranta ya ba da damar rage kaya, ya rage. Gara a gama a shekara biyar da sakamako mai kyau da a yi gaggawar shekara uku a ƙare da tarin kwasa-kwasan da za a maimaita, kowanne da kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne yadda ake kashe awar da aka samu. Akwai wani tsohon ɗalibina da na koyar a aji biyar da shida, wanda yanzu yake aiki a wani kamfanin inshora a Legas yana kuma zama waɗannan jarrabawa. Ya shaida mini cewa a unguwar da yake, idan bai fita da sassafe ba cunkoson motoci zai cinye masa awa biyu, don haka yakan isa ofis tun kafin kowa, ya yi karatun awa ɗaya da rabi a teburinsa kafin a fara aiki. Ya ce karatun dare ya gwada ya bari, domin bayan wunin aiki ido ne kawai ke bin layi, zuciya ta riga ta kwanta. Mu malaman firamare muna da abin da shi ba shi da shi. Yawancinmu muna tashi daga makaranta da azahar, kuma muna da hutun zango sau uku a shekara. Tsakanin asuba da fitowar rana akwai awa guda da babu mai ƙwanƙwasa ƙofa a cikinta. Wanda gidansa ke da hayaniya, ajin da ya koyar a ciki yana nan shiru bayan an tashi yara, ga tebur ga allo. Muhimmin abu shi ne lokacin ya zama tsayayye, a san shi a gida, a kuma san shi a majalisa.

Masana halayyar koyo sun daɗe da tabbatar da abin da ya sa kaɗan-kaɗan kullum ya fi tarin dare ɗaya. A 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zaunawa a ƙwaƙwalwa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai, suka ga cewa waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke cikinta sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe shi bayan mako guda. Alarammomin tsangaya ba su jira waɗannan bincike ba. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda da ka, kuma tilawar baya ba ta tsayawa don an ƙara sabon karatu. Mu ma a aji haka muke yi wa yara da jadawalin sau. Abin mamaki shi ne idan karatu ya zo kanmu, sai mu koma ja wa littafi layi da biro muna zaton mun iya.

Ɗaliban aktuwari sun riƙe wannan ƙa'ida da kyau. Sukan yi ƙoƙarin gama bin manhaja da sauran makonni, sa'an nan su duƙufa a kan tambayoyin shekarun baya, agogo a gabansu, littafi a rufe. Cibiyar Birtaniya tana wallafa tsofaffin takardun jarrabawa tare da rahoton masu dubawa, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wanda ya faɗi yakan koma ga wannan rahoto ya gano ko fahimta ce ta gaza, ko lokaci ne ya ƙure masa, ko tambayar ce bai karanta da kyau ba, domin kowace cuta da maganinta. A wurinsu faɗuwa wani ɓangare ne na tafiyar da aka riga aka sa a lissafi. Mu kuwa malami idan ya faɗi jarrabawar TRCN, wadda aka fara yi a 2017 kuma a kan kwamfuta ake zama, sai ya ɓoye kamar wanda ya yi abin kunya. Sau da yawa ma ilimin koyarwa bai gagare shi ba, riƙe linzamin kwamfuta ne bai saba ba, abin da zaman awa biyu sau uku a shagon kwamfuta zai warware. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku shi ne hutu, kuma a nan nake roƙon a ba ni kunne sosai. Wanda zai yi karatun wata ɗaya yana iya hana kansa barci da zumunci ya tsira. Wanda zai yi na shekara biyar ko bakwai, in ya yi haka, jikinsa ko gidansa ɗaya zai ba da kai kafin ya kai rabi. Shi ya sa ƙwararrun wannan fanni ke shawartar masu tasowa su sanya hutu a cikin jadawali tun farko, da ranarsa da lokacinsa, su kuma ajiye littafi gaba ɗaya na ɗan lokaci bayan kowace jarrabawa. A cikin awa 20 ɗin nan da muka samu, idan karatu ya ɗauki 13, saura bakwai na mutum ne, ya zauna a majalisa, ya kalli ƙwallo, ya kai ziyara gidan 'yan'uwa, ya yi wasa da 'ya'yansa, zuciyarsa a sake. Hutun da aka tsara yana wartsake mutum. Wanda aka sata daga lokacin karatu kuwa ba ya daɗi, domin littafin yana maƙale a rai. Mafi muni shi ne halin da mutum zai zauna littafi a cinya, waya a hannu, yana leƙa WhatsApp da Facebook har dare ya raba. Bai yi karatu ba, bai kuma huta ba. Barci ma kada a mayar da shi asusun da ake cira kullum, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana.

Kalandar shekararmu ma tana da nata sharuɗɗa da littattafan Turawa ba su san da su ba. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da malami manomi ke tsakanin noma da zuba taki. Watan azumi yana sauya lokacin barci da na aiki baki ɗaya. Makonnin ƙarshen zango na jarrabawar yara ne da cike katin sakamako. Duk waɗannan sanannu ne tun farkon shekara, saboda haka a sa su a lissafi, a rage awoyin karatu a cikinsu, a ƙara a makonnin da suka fi sauƙi.

Ina so in keɓe 'yan'uwana malamai mata da magana, ko da yake da mazajensu nake. Lissafin awa 20 da na yi na namiji ne. Malamar da ta dawo daga makaranta ta tarar da girki da wanki da goyo suna jiranta, abin da zai rage mata ba zai kai rabin haka ba. Idan maigida ya amince matarsa ta shiga karatu, amincewar ba ta ƙare a biyan kuɗin rajista ba. Ya ɗauke mata yara na awa biyu ranar Asabar, ya yi haƙuri da abincin da ya samu a makon jarrabawa, ya kuma yi magana da danginsa domin kada rashin ganinta a wani biki ya zama abin gori. Haka shi ma namiji mai karatu, ya zaunar da iyalinsa ya faɗa musu shekara nawa abin zai ɗauka, wane lokaci ne nasa, wane ne nasu, ya kuma cika alkawari idan nasu ya zo. Yaron da ya san cewa bayan la'asar ɗin Lahadi babansa nasa ne, zai ƙyale shi ya yi karatu da asuba.

Akwai iyaka guda da bai halatta a ƙetare ba, ita ce lokacin yara. Dukanmu mun san yadda abin ke faruwa. Malami ya rubuta aiki a allo, ya naɗa monita ya rubuta sunayen masu surutu, shi kuma ya koma bayan aji ya buɗe takardun jami'a. Ko kuma ya ɓace ranar Alhamis da Juma'a saboda lacca, aji ya wuni babu kowa. Digirin da aka samu ta wannan hanya, yara arba'in ko sittin ne suka biya kuɗinsa da shekararsu guda, ba tare da an nemi yardarsu ko ta iyayensu ba. A kamfanonin Birtaniya da yawa ana ba ɗalibin aktuwari ranakun karatu da albashinsu, a biya masa kuɗin jarrabawa, a ƙara masa albashi idan ya ci, shi kuma ranar aiki ya yi aiki. An raba lokutan a fili, kowa ya san nasa. Mu ma ƙa'idojin aikin gwamnati sun san da hutun ƙaro ilimi, mai albashi da marar albashi. Wanda zai shiga karatu ya nemi izini a rubuce ta hannun hedimasta da sakataren ilimi tun kafin ya fara, domin kada ya gama a zo ana jayayya a kan takardarsa lokacin ƙarin girma. Ina kuma roƙon shugabannin makarantu, idan malamai biyu ko uku na karatu a makaranta ɗaya, a zauna a farkon zango a tsara wanda zai riƙe ajin wani a makon jarrabawarsa, a rubuta, a kuma rama.

Batun kuɗi ma yana bukatar irin wannan tsari. Ɗan Najeriya mai jarrabawar aktuwari da fam ko dala yake biya, don haka duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ce a kansa, ko da yake cibiyar Birtaniya tana da rangwame ga masu ƙaramin albashi. Namu kuɗin da naira ne, amma shi ma yana zuwa ne a lokacin da aka sani. Wanda ya raba kuɗin zango a kan watanni yana ajiyewa a adashe ko a ƙungiyar taimakon juna ta malamai, ba zai wayi gari ana rufe rajista yana neman rance ba. A cikin lissafin a sa kuɗin mota da na data da na buga takardu, domin su ne ƙananan ramukan da ke tsiyayar da tulu.

Wataƙila wani a cikin sa'o'ina zai ce mu da muka haura arba'in, me ya rage? Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. A inda aka fara aiki da ita, malami ɗan shekara 45 yana iya samun sauran shekaru 15 zuwa 20 a gaban allo. Idan ya kashe biyar a karatu, ɗaruruwan yara ne za su ratsa ta hannunsa bayan ya gama. Aktuwari zai ce wannan jari ne da ribarsa ta fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa duk wanda ya zauna waccan jarrabawa mai wuya, a aji huɗu ko biyar na firamare aka fara nuna masa yadda ake raba abu gida goma da yadda ake fitar da kashi cikin ɗari. A cikin yaran da ke zaune a kan tabarma ko benci a azuzuwanmu akwai masu kaifin lissafi da ba su taɓa jin sunan wannan sana'a ba. Likita da lauya da soja kawai suka sani. Mu faɗa musu cewa akwai aikin da ake yi da lissafi tsantsa, ƙasarsu kuma tana neman masu yinsa. Idan kuma suka ga malaminsu, da furfurarsa, yana riƙe da littafi bayan an tashi, sun koyi wani abu game da ilimi wanda babu shi a manhaja.

Roƙona ga kowa shi ne, kafin taronmu na gaba, ya ɗauki takarda ya rubuta 168 a samanta, ya yi ta cirewa da gaskiya har ya ga abin da ya rage masa. Wanda ya sami awa goma, ya tsara karatun awa goma. Wanda ya sami biyar, ya fara da biyar, ya bar wa kansa da iyalinsa rabonsu. Masu karatu iri ɗaya su nemi juna, su riƙa haɗuwa ko da sau biyu ne a wata suna yi wa juna tambayoyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.